Baba Sabo, Wanda Ya Koya Mana Inda Ake Sa Kai

Kowace Juma'a, da ya karya da wake da shayi, Baba Sabo Giɗaɗo yakan ɗauki sandarsa ya bar unguwarsu ta Arba wa Nus, ya hau wannan bas ya sauka ya hau waccan, har unguwar Ma'adi. Direbobi sun ɗauka asibiti yake zuwa. Filin ƙwallo yake zuwa, da shekarunsa tamanin da bakwai.

Kaɗan ne suka san cewa tsohon nan ya taɓa cin abinci da ƙwallon zari-ruga. A 1959 jirgin ruwan da yake wa aiki ya ajiye shi a arewacin Ingila. Shekara takwas ya yi yana buga wa wani ƙaramin kulob, irin wasan nan na mutum goma sha uku: sauran ranaku dako a tasha, Asabar gudu cikin taɓo. Ko hoto ɗaya bai tsira da shi ba. Abin da ya kawo gida shi ne karyayyen hanci, da tunanin wani abokinsa Bature da ya sa kai gaban gwiwar mai gudu, bai sake tsayawa da ƙafarsa ba.

Shekara shida da suka wuce, wasu Hausawan Sudan mazauna garin nan, magina da teloli, suka kafa ƙungiyar zari-ruga. Da kokawa suka tashi, don haka sunkuyar da kai suke yi su kamo ƙafa. Ran nan aka ɗauke Amjad, magini mai 'ya'ya biyu, daga fili, wuyansa a sandare. Allah Ya kiyaye, ya warke. Amma Ayman mai kula da filin ya ce, "Aka ƙara ɗaukar wani, khalas, shi ke nan, ku nemi wani wurin." Ba su kuwa da wani wurin.

Mahasin, 'yar Baba, ce ta ba shi labari. Juma'a na zagayowa sai ga shi. Ya yar da sanda, ya kira mafi ƙibarsu.

"Habibu, zo ka kama ni."

"Haba Baba, in karya ka, Mahasin ta cinye ni ɗanye?"

"Waɗanda suka fi ka tumbi sun gwada. Yalla, taho!"

Habibu ya sunkuyo. Baba ya damƙi kunnensa, ya manna kuncin Habibu a nasa ƙugun. "Kunci a ƙugu, kai ta baya, ido a buɗe. Kanka ba guduma ba ne, ɗana."

Tun daga ranar ba a sake ɗaukar kowa ba, filin kuma yana hannunsu. Yanzu gwiwoyin Baba sun ce sun gaji. Makon jiya ya yi musu sallama, ƙartin nan suna ta share ido da riga.

Baba, kai ne ka riƙe ciwon abokinka shekara sittin, har ka mai da shi lafiyar wasu. Gwarzon gefen fili, mun gode. Allah Ya saka maka, Ya sassauta wa gwiwoyin nan.

Mu kuma, duk wanda ya san wani abu da zai hana ɗan'uwansa karyewa, kada ya jira a gayyace shi. Baba ma ba wanda ya aika masa.