Gidan Zanzaro a Cikin Kwamfutata

Har yau idan na ga zanzaro yana shawagi a ɗaki sai raina ya ɓaci, kuma ba harbinsa nake tsoro ba.

Kwamfutata ta tebur ce, yayana ya haɗa mini ita a Kano ya kawo mini Haɗeja saboda sana'ata. Ina tsara katin biki da kalandar suna, da sitikar da ake liƙa wa bokitan rabo. Wato yini nake ina gyara hotunan jariran mutane, in haska musu fuska, in jera musu furanni a gefe, in rubuta Allah ya raya. Ni kuwa mun daɗe da aure a lokacin, Allah bai ba mu haihuwa ba. Duk matar da ta zo karɓar aiki sai ta dubi allo, ta dubi cikina, ta ce, "Allah ya kawo naki." In ce amin. Addu'a ce, ba a ƙin ta, amma akwai ranar da amin ɗin take fita da ƙyar.

Abin da yake riƙe ni shi ne gem ɗin tseren mota da yayan nawa ya zuba mini a ciki, wai don in riƙa hutawa. Da na gama aiki bayan la'asar sai in tura ƙofa, in sa abin ji a kunne, in hau hanya. A can babu mai kallon cikina. Abin da ake tambaya kawai shi ne na iya shan kwana ko ban iya ba, kuma na iya. Wannan ɗan lokacin shi ne nawa ni kaɗai a duk faɗin yini, ban kuwa haɗa shi da komai ba.

Daminar da ruwa ya cinye ƙauyen su mijina ta wajen Kirikasamma, sai mahaifiyarsa ta dawo gidanmu da zama. Inna muke ce mata. Mace ce mai kirki, ba zan ɗora mata abin da ba ta yi ba. A wannan daminar hadari ya daɗe yana rufe rana, sola ba ta cika batir, ɗan abin da aka samu na fitila ne da cajin waya. Kwamfuta ta sha hutu a lungunta.

Da rana ta dawo na kunna, na shiga gem da ɗokina. Akwai wata 'yar lamba a saman allo da take nuna yawan hotunan da kwamfuta take fitarwa a daƙiƙa, kullum tana zaune a kan sittin. Ranar ma daga sittin ta fara. Ban yi nisa ba ta fara sauka, har ta faɗo ƙasa da ashirin. Mota ta koma tafiyar mai in'ina, ta tsaya, ta zabura, ta tsaya. In juya sitiyari, kafin ta amsa mini mun riga mun kwanta a rami. Ni da nake wuce kowa, sai ga ni ana wuce ni kamar amalanke.

Babu abin da ban gwada ba. Na rage girman hoto. Na kashe inuwa, na kashe ciyawa, na kashe hasken da ke kwanciya a jikin mota, har bishiyoyin gefen hanya suka koma kamar zanen ɗan firamare. Na sabunta direban katin hoto, wato manhajar da ke sarrafa shi, ya cinye mini data tas, bai ce mini na gode ba. Na rufe duk wata manhaja da ke ɓoye tana aiki a baya. Na sa aka bincika ko bairos ne, cutar nan ta kwamfuta, ba a samu ko ɗaya ba. Mijina ya ce inbata ce, na'urar da ke juya wutar batir, ba ta ba da wuta sosai. Wani maƙwabcinmu da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba ya aiko cewa a goge komai a sake zubi. Kowa a unguwar ya zama injiniya a kaina.

Daga ƙarshe na kira yayana.

"Da kin kunna take lalacewa, ko sai ta ɗan jima?"

"Sai ta jima, Yaya."

"To zafi ne. In ta ji zafi rage gudu take don kada ta ƙone. Ɗora hannunki a bayan akwatin kwamfutar."

Na ɗora, na janye da sauri. Kamar gindin tukunya.

"Kashe ta ki buɗe," in ji shi. "Ki duba fankar katin hoton, ita ce babba a tsakiya."

Na shimfiɗa tabarma, na kwantar da akwatin, na kwance sukurori. Ina cire murfin sai ga shi. Gidan zanzaro, ginin laka mai kyau, an manna shi daidai tsakanin fanka da jikinta, ta yadda ko motsi ba za ta yi ba. Ta wata 'yar kafa a bayan akwatin ya riƙa shiga. Laka kuwa a wannan shekarar ba sai an je nema ba, ƙofar gida ma tana nan. Dariya na fara yi, wallahi. Duk datar da na ƙona, duk bishiyoyin da na lalata, ashe ƙwaro ne ya samu fili ya yi gini. Na miƙe na ɗauko ƙaramar wuƙa.

Shigowata ke nan na tarar da Inna tsaye a kan akwatin.

"Ke 'yar nan, kul! Ajiye wuƙar nan."

"Inna, zanzaro ne ya toshe mini fanka."

"Na san zanzaro ne, ai ba makauniya ba ce ni. Duk ɗakin da ya zaɓa ya yi gini, to akwai rabo a tafe. A ɗakina ya yi kafin in haifi mijin naki. Duk faɗin gidan nan bai ga wurin gini ba sai cikin kayanki. Alhamdu lillahi!"

Idanunta har sun kawo ruwa. Na tsaya riƙe da wuƙa kamar wadda aka kama za ta yi kisa.

Kafin magariba labari ya zaga unguwa. Mata suka riƙa shigowa ganin ikon Allah. Wata ta rangaɗa guɗa. Wata ta duƙa ta ƙirga ɗakunan ginin ta ce tagwaye ne. Ɗakin da nake tura ƙofarsa don in huta da idon mutane, shi ne ya koma wurin ziyara, kowa ya dubi laka ya dubi cikina. Inna ta kafa doka: ba a rufe akwatin, kada mai gida ya rasa hanyar shiga, kuma ba a kunnawa, kada fanka ta sare shi. Aikina ya koma kan wata tsohuwar kwamfutar cinya ta mijina, wadda kafin ta buɗe hoto ɗaya na gama tankaɗe. Gem kuwa ba ma a maganarsa.

Haushi ya ishe ni, kuma ba na jin kunyar faɗa. Kayana ne. Ni na san ciwon abin, ni na gano shi, maganinsa bai wuce in ɗaga hannu ba, amma an wayi gari ƙwaro ya fi ni iko a ɗakina. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, tambayar da nake gudu ta bi ni har cikin akwatin ƙarfe ta yi gida.

Na kai ƙara wurin mijina. Malamin kimiyya ne a sakandare, mutumin da yake koya wa yara yadda ƙwari suke hayayyafa. Tare muka yi ta zaryar asibiti neman haihuwa, tare aka ce mana mu yi haƙuri babu wata matsala da aka gani. Bai taɓa ɗaga mini maganar ba, in wani ya ɗaga ma shi yake kashe ta. Ya yi dariya ya ce, "Ki bar mata. Tsohuwa ce, ruwa ya ci gidanta da gonarta, ta samu abin da zai sa ta murmushi. In ƙwaron ya gama ya tafi sai ki share." Na haƙura saboda dariyar nan. Na ɗauka ni da shi ɓangarenmu ɗaya, muna lallaɓa tsohuwa ne kawai.

Wata Asabar na je barkar haihuwa garin Malam Madori, ban daɗe ba na dawo, don zaman irin wannan wuri ba ya yi mini tsawo. Inna tana barcin rana. Na ɗaga labulen ɗakina sai na ga mijina a tsugune gaban akwatin, ya ba ni baya. Ya ajiye murfin kwalba cike da ruwa a gefe, kusa da shi kuma ga ɗan curin laka ɗanya a kan takarda. Yana gyara musu zama da ɗan yatsa, yana matso da su kusa da ginin, don kada zanzaro ya wahala zuwa nesa.

"Malam," na ce. "Kai ma?"

Ya juyo. Bai yi dariya ba wannan karon. Ya dubi lakar da ke hannunsa.

"Ban ce na yarda ba," ya ce a hankali. "Kawai dai na ce ko da."

Ban san lokacin da na ɗauko wuƙar ba. Na tsuguna kusa da shi cikin fushi, amma na bi gindin ginin a hankali har ya ɓamɓaro ɗungurungum bai fashe ba. Na kamo hannunsa na ɗora masa a tafi.

"Ga shi, riƙe abinka. Ka kai shi duk inda kake so. Nan wurina ne."

Na goge fanka da tsumma, na juya ta da yatsa ta juya. Na mayar da murfi, na ɗaure sukurori, na toshe kafar baya da salatif. Na kunna, na mayar da inuwa da ciyawa da duk abin da na kashe. Lamba ta hau sittin ta zauna daram, mota ta miƙe sumul kamar ba ta taɓa ciwo ba.

Yana nan a bayana bai tashi ba, ina ganin inuwarsa a gefen allo, hannunsa a buɗe da laka a ciki, ya rasa inda zai ajiye. A kwanar farko na faɗa rami. Kwamfuta ba ta da laifin komai, ni ce ba na ganin hanya don hawaye.