Kwanon da Goggo Dudu Ta Riƙa Aike Na da Shi

Kun dai san Goggo Dudu, ƙanwar Babanmu, ba ta amsa gaisuwa sai ta matsa damtsen mutum tukuna, kamar mai tayin rago. In ta ji tauri ta ce, "Lafiya lau." In ta ji laushi ta ce, "Kai! Wannan kitsen bai san aiki ba."

Mota kuwa abokiyar gabarta ce. Shekarun da kuɗin mai suka shigo, maigidana ya sayi tasa motar, ya je da murna zai ɗauko ta. Ta leƙa ciki ta ce, "Ka ga na yi kama da buhun gyaɗa?" Ta wuce abinta.

Ni na more motar. Ko firamaren da nake koyarwa sai an kai ni, na yi ƙiba har ana yi mini barka. Sai likita ya ce ciwon suga ne, wai kitsen ya hana jikina jin magani, in riƙa tafiyar ƙafa. Na tsorata ƙwarai, don ciwon nan ne ya sa aka yanke wa Baba ƙafa. Amma kullum sai in ce gobe zan fara.

Ran nan sai ga Goggo da kwano a rufe, an ɗaure da tsumma.

"Maryamu, kai wa ƙawata Inna Yaya a unguwar Malam Inna."

"To Goggo, bari a dawo da mota."

"Warin fetur na ɓata abinci! Da ƙafa."

Daga unguwarmu Dawaki fa, da uban nisa! To wa ya isa ya ƙi aiken goggonsa? Na isa ina haki. Inna Yaya ta shiga ɗaki da kwanon, ta fito da shi da nauyinsa, wai tukuici ne, in mayar. Haka kullum bayan la'asar, har wata huɗu.

Wata rana na yi tuntuɓe, murfi ya faɗi. Jama'a, dutse! Na dawo ina huci.

"Goggo, dutse nake ɗauka duk kwanakin nan?"

"To da tuwo zan ba ki, ki cinye a hanya?"

Da na koma asibiti suga ya sauka, aka rage mini ƙwayoyi, alhali ban wani rame ba. Likita ya ce kitsen mai motsi daban yake da na mai zama. Da na gaya wa Goggo ta ce, "Shi sai da ya je Ingila ya san wannan?"

Ranar da Goggo ta rasu, Inna Yaya ta gaya mini cewa da kuka Goggon ta zo mata suka ƙulla dabarar. Wai cewa Goggo ta yi, "Na ga an yanke ƙafar yayana, ba zan ga ta 'yarsa ba." Ga ni yau da jikoki, ƙafafuna biyu cur, kuma ban taɓa ce mata na gode ba.

Allah ya jiƙan Goggo, ya yalwata mata kabarinta, ya isar mata da godiyar da na makara ban yi ba.