Ƙusa Huɗu a Motar Gherasim

Shekara talatin da ɗaya Gherasim ya yi yana bin fure da ƙudan zumarsa. Duk dajin da ya buɗe, nan zai sauke akwatuna, ya kwana a kujerar mota, gwiwa a ƙirji. Ranar da zuciyarsa ta kayar da shi a tsakanin akwatunan, wani makiyayi ne ya tsince shi. Likita ta gaya masa gaskiya: ko ya daina fita daji shi kaɗai, ko ya rabu da zuma.

Ba shi da mai bin sa sai matarsa Safta. 'Yarsu tana Italiya tana jinyar iyayen wasu.

"Ni ba akuya ba ce da zan kwana a jeji," in ji Safta. "A gida nake kwana. Sayar da su, tsoho, ka zauna ka huta."

"In na zauna, sai dai ki kira mai haƙa kabari."

"Shi ma ya fi ka hankali."

Tun da gida take so, sai ya sayi tsohuwar motar raba burodi, ya ce zai mayar da ita gida. Lokacin sanyi gaba ɗaya a cikinta ya ƙare. Ya cusa gashin tumaki tsakanin ƙarfe da katako don kada sanyi ya shiga. Ya yi gado da ƙofar tsohon kabad. Ya kafa murhun gas, da kanta mai baki don kada tukunyar tuwon masara ta faɗo a hanya. Aikin awa ɗaya, hutun awa biyu, yana zaune a bakin mota yana sauraron ƙirjinsa.

Maƙwabcinsa Zamfir kan leƙo ta kan shinge. "Maƙwabci, akwatin gawa kake sa wa taya?"

"Naka ne. Na bar wa tumbinka wuri."

Da ƙanƙara ta narke, Safta ta shiga dubawa. Ta danna katifa, ta duba kantar, ta shinshina. Warin burodi bai fita ba, bai kuma taɓa fita ba. Ba ta yaba ba, amma ta koma ɗaki ta ɗauko hoton Maryam, Uwar Ubangiji, da ɗanta, wanda ta gada wurin uwarta, wanda take addu'a a gabansa.

"Ina gabas?"

Ya nuna bangon dama. Nan ya buga ƙusa, ta rataye hoton, ta yafa masa tawul mai ado. Limamin coci ya zo ya yayyafa ruwan albarka da damin ɗoɗɗoya, har kan tayoyi. Motar ta zama gida ke nan.

A watan Yuni suka nufi dajin itatuwan tei masu fure na yankin Dobrogea, akwatuna a 'yar tirelar da motar ke ja. Sai bayan la'asar suka isa, suka iske masu zuma sun cika wurin. Abin da ya rage ɗan siririn fili ne tsakanin kwata da akwatunan wani Petrache. Gherasim ya sauke nasa, ya cusa hancin motar ciki, ya kashe inji.

Safta ta dubi rana, ta dubi hoton. Ranar tana gangarawa ne ta bayan bangon da yake rataye.

"Gherasim. Ka sa min Uwar Ubangiji a yamma."

Bai taɓa tunanin haka ba. Limamin ma bai yi ba. A ƙauyensu bango ba ya tashi daga inda aka gina shi.

"Juya ta. Ba zan ba gabas baya in yi addu'a ba."

Ya tayar da mota. Gaba, baya, gaba, baya. Ƙasa ta sha ruwa, taya na zamewa wajen kwata.

"Baba Gherasim, rawa kake koya mata?" Petrache ya ɗaga murya. "Ka kula da akwatunana!"

A karo na bakwai injin ya mutu. Gherasim bai sake murɗa makulli ba. Ya ɗora goshi a kan sitiyari, hannu ɗaya a ƙirji, gumi na ɗiga ta gashin bakinsa. Ƙamshin furen tei ya cika motar, irin wanda ya jira shekara guda.

"Shi ke nan, tsohuwa," ya ce a hankali. "Gobe in bar wa Petrache su. Mu koma."

Safta ta matso kusa da shi. Ta kalli wuyansa, yadda ya rame a cikin riga. Sannan ta jawo akwatin kayan aiki daga ƙarƙashin gado. Ya ji bugun guduma kan ƙusa a bangon hagu, sai a allon bayan kujeru, sai a ƙofar baya, inda ta doki yatsanta ta zagi gudumar har kakanninta. Ta cire hoton, ta sumbace shi, ta mayar da shi bangon hagu, ta gyara tawul.

"Gidan mutanen kirki wuri ɗaya yake tsayawa," ta ce. "Tun da naka ɗan yawo ne, ni zan riƙa neman gabas. Sha maganinka. Ina jarkar ruwa?"

Bazara huɗu ke nan yanzu. Akwatunan sun ragu daga sittin zuwa ashirin, Gherasim ma ba ya iya ɗaga su sai an kama masa. Duk inda suka tsaya, kafin ya kashe inji Safta ta sauka ta dubi rana, ta koma ta zaɓi ƙusa. Idan matan ƙauye suka tambaye ta yadda kwanan jeji yake, cewa take ba ta sani ba, ita a gida take kwana.