Nuna Min Ganyen

Kakata Iya Tabawa ba ta shan garin magani. Bayan magariba takan tura mana gyaɗa cikin toka, mu kewaye murhu, ta ce, "Ku matso, ga ta nan ta iso." Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa.

Wai kura ce ta ci ƙashi har cikinta ya ɗaure. Dila ya kawo mata gari a ƙunshi. Ta ce na wane ganye ne, ya ce, "Ke dai sha, ranki ya daɗe." Ta sha. Ciki ya tsinke, ta yini a bayan geza. Da ta dawo rami, babu naman da ta ɓoye, babu dila. A nan Iya takan nuna mu da muciya: "Kowa ya kawo muku dakakke, ku ce ya nuna ganyen."

Na girma, na zo Dubai ina dako a Deira. Kullum gurasa da shinkafa, ba kuka ba kuɓewa. Cikina ya ƙulle, ko sunkuyawa ba na iyawa. Ga shi washegari Alhajin da nake wa aiki zai loda kwantena, wanda bai fito ba a sa wani.

Sabo, abokin ɗakina, ya daɗe ba aiki. Ya miƙo min wata roba cike da garin magani.

"Tirifala sunansa, maganin gargajiyar Indiyawa. Cokali a ruwan ɗumi, halas, shi ke nan."

"Na wane ganye ne?"

"Haba Ɗanjuma, ni na daka? Yalla, maza sha!"

Na dube shi, na ga dila.

Na je shagon da ya sayo ta a unguwar Abu Hail da ƙafata, don a nuna min ganyen. Ba'indiye mai shagon ya fito da busassun 'ya'yan itace iri uku, ban san ko ɗaya ba. Sai na hango buhun ganye, na shinshina. Filasko ne, irin na bayan gidanmu. Yana auna min yana cewa, "Shuwayya, shuwayya," wato kaɗan-kaɗan. Ni zai koya wa filasko? Na dafa tukunya guda na shanye.

Ranar lodi a banɗaki na yini. Sabo ne ya je, har yau shi ke wurin.

Robarsa tana nan ƙarƙashin gadona, ban buɗe ba. Wataƙila da ita na sha da na fita lodi lafiya. Iya ta koya min neman ganye, amma ba ta ce ga yadda zan yi ba in gaskiya dilan ya faɗa. Ni dai in Sabo ya miƙo min shayi, sai ya fara kurɓa.