Kwalaben Ƙarƙashin Bene

A ƙauyenmu giya ba ta tsufa. Burukutun da Mama ke dafawa, tana cikin tafasa a tulu ake ɗiba da ƙwarya, wadda ta kwana biyu kuwa sai a zubar. Ni da na zo Erdington, nan ƙasar Turawa, na koyi irin tasu: ka dafa, ka ɗura a kwalba da ɗan sukari, ka toshe, ka ajiye a duhu makonni har yistin ya gama aikinsa ta yi kumfa.

A shekarar da aka kawo Baba jinya, yana zaune a wurin yayata a unguwar Longsight ta birnin Manchester, na cika baki na ce zan kawo masa giyar hannuna. Ya yi dariya a waya.

"Giyar da ake kullewa kamar ɓarawo? To, kawo mu gani."

Matsalar ita ce ban daɗe da ɗurawa ba. Kullum kafin in tafi aiki sai in tsuguna ƙarƙashin bene, in ɗaga kwalba ɗaya in duba a hasken taga. Gurɓatacciya. Ni mutum ne mai taurin kai, ba na son ya ɗanɗana ya ce ɗansa ya haye teku ya koyo ruwan sukari. Amma tsoro nake ji sosai, domin duk kiran da na yi muryarsa ta ƙara ƙanƙancewa.

Wata Asabar yayata ta kira. "GP, likitan Baba, ya zo jiya. Ka bar maganar ready ko ba ready ba, ka hau train yau."

Na naɗe kwalba biyu a tawul. Har Manchester jakar tana kan cinyata, ina hana ta girgiza.

Na tarar ba ya iya haɗiya da kyau. Na buɗe murfin kusa da kunnensa don ya ji ƙarar, sai ɗan huci kawai ta yi, babu kumfa. Yaya ta tsoma cokalin shayi ta jiƙa masa leɓe. Ya daɗe yana motsa baki, ni ina tsaye riƙe da murfi.

"Da saura," ya ce. Sannan ya dubi ɗaya kwalbar. "Mayar da waccan ta ƙarasa. Kada ka yi gaggawa, ɗana, zan jira ta."

Na ce to, Baba. Yaya ta juya fuskarta wajen bango.