Na Sa Baba Alhassan Ya Sayar da Irinsa

Babu wanda ya sa ni makaranta. Ƙannena maza suka tafi, ni aka ɗora mini tiren tallan gyaɗa a unguwarmu Changli. Na girma da haushin duk mai takarda, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin ranar da na fara cutarsu.

Wani mai shagon kwamfuta ke buga mini wasiƙun ƙarya, wai wata jami'a a Turai na ɗaukar nauyin ɗaliban waje su yi digirin dakta kan gyaran irin shuka. Ban iya karanta ko layi ɗaya ba. Hatimin kawai nake nunawa, in karɓi kuɗin rajista.

Fuseina, 'yar Baba Alhassan manomi a unguwar Kukuo, ta gama digiri na biyu a fannin noma, tana zaune ba aiki. Ta yi shakka, sai na bi ta wajen uban. Ya ce ba shi da komai sai irin masara da gyaɗa da ya ajiye don damina.

Na ce, "Baba, wannan tsohon irin? 'Yarka za ta dawo maka da wanda tsutsa ba ta ci."

Manomi ba ya sayar da iri ko yunwa na kashe shi. Shi kuwa ya sayar, ya ba ni kuɗin. Aka yi addu'a, aka raka Fuseina tasha. A Akra, inda ta je neman biza, aka gaya mata takardar banza ce. Kunya ta hana ta dawowa. Damina ta zo, gonarsa ta cika da ciyawa.

An kama ni, na yi shekara huɗu a kurkuku. Can na koyi karatu, da furfurata.

Da na fito, na gamu da Baba Alhassan a kasuwa. Bai zage ni ba. Ya zaro wasiƙar daga aljihu, a naɗe cikin leda.

"An ce kin iya karatu yanzu. Duba mini, yaushe suka ce za ta dawo?"

Na karanta har ƙarshe. Ko sunanta ba a rubuta daidai ba.

Ku matasa, tallafin karatu na gaskiya ba ya bi ta hannun mace irina a lungu. Kuma kada haushi ya ba ku sana'a, don kan marar laifi yake sauka.

An ce an ga Fuseina tana dakon kaya a wata kasuwar Akra. Washegarin da na ji haka, da safe na karɓi hotonta wajen uban, na hau motar Akra nemanta.