Gwadabe Mai Fenti a Cikin Gajimare

Duk wanda ya taɓa bin bayan babbar mota daga Kano ya ga aikin Gwadabe, ko bai san sunansa ba. Shi ne mai fentin nan na Yakasai da ke zana duwatsu a bayan tirela, da ƙorama tana gangarowa, rana tana leƙe ta tsakani. Abin dariya, in ka cire Dala da Goron Dutse, bawan Allahn nan bai taɓa hawa wani tudu ba. A jikin kalanda ya koyi duwatsunsa. Ni da Babagana, abokinmu direba, tun muna samari muke tsokanarsa da haka, shi kuwa sai ya yi murmushi ya ci gaba da wanke burushi da kananzir.

Bara likita ya gaya masa jijiyar idonsa ce take mutuwa, kuma ba aikin da za a yi. Ya ɓoye mana, sai da na gan shi yana laluben gwangwanin fenti a gaban ƙafarsa na titsiye shi.

Ya ce, "Ado, ba makantar ce ta dame ni ba. Zan shiga duhu ban ga dutsen gaske ba."

Babagana da na kai masa labari, tayoyin tsohuwar motarsa kawai ya je ya canja. Damina na zama muka ɗauki hanyar tsaunukan Mambila.

Tafiyar nan har yau kamar mafarki nake tuna ta. Gero ya koma masara, masara ta koma daji. Muka sha fura a gindin bishiyoyin da ba mu san sunansu ba, muka yi sallah a bakin koguna. Gwadabe yana gidan gaba, ya manna fuska da gilas, bini-bini sai ya ce, "Mun zo?"

Da muka fara hawan, motar tana nishi kamar tsohuwa ta ɗauko tulu, sai duniya ta yi fari fat. Gwadabe ya cire hula ya goge ido, ya sake gogewa. Can na ji yana salati ƙasa-ƙasa.

Ya ce, "Ku juya, kar ku wahalar da kanku. Idon ya tafi. Fari kawai nake gani."

Babagana ya taka birki. "Kai, malam, ni da nake tuƙa ku ma farin nake gani. Gajimare muka shiga."

To mu ƴan birni ina muka san ana shiga gajimare da mota? Muka yi dariya har da riƙe ciki, Gwadabe yana yi hawaye na zuba. Muka fito muka jingina da motar. Sanyi yana lasar fuskokinmu, kukan shanu yana tasowa daga ƙasan ƙafafunmu, ba mu ga ko ɗaya ba.

Sannu a hankali farin ya yaye. Tsarki ya tabbata ga Allah: tuddai kan tuddai, kore shar, har inda sama ta ƙare. Na waiwayo in ga fuskar Gwadabe, sai na ga ya ƙanƙance ido yana ta nema.

Ya ce, "Koren nake gani. Amma ban ga inda ya tsaya ba."

Tausayinsa ya kama ni. Na kama hannunsa na dama, wanda fenti ya rine wa farce, na ɗaga shi sama, na bi da yatsansa ta bakin tuddan, mu hau mu gangara, mu sake hawa. Da na saki, hannun ya ci gaba da tafiya shi kaɗai.

Ya ce, "Ashe ba su da tsini. Duk shekarun nan ina ta fiƙe su." Ya miƙo min hannun. "Ado, sake bi da ni. A hankali, so nake hannun ya riƙe."